Wa Ke Riƙe da Makullin Kwamfutar Ofishinku?

(Laccar da aka gabatar ga malamai da ma'aikata a Getso, ƙaramar hukumar Gwarzo)

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, zan tafi kai tsaye.

Ba sai na faɗa muku yadda kwamfuta ta zame mana dole ba. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, babu shugaban makarantar da bai ɗanɗana zafin nemanta ba, daga nan Getso har Gwarzo da Kabo. Kun kuma san irin wadda muke saye: ta hannu, wadda ake ce wa Beljiyam, HP ko Dell ko Lenovo, da ta gama bauta a wani banki ko kamfani a Turai, ta sauka Legas, ta iso titin Beirut ko Farm Centre a Kano, daga can a ɗoro mana ita a mota. Ba ni da rigima da wannan. Yawancinsu sun fi sababbin masu arha ƙarko. Rigimata da masu rubuta takardar saye ce, kuma wasunsu na zaune a nan. Suna rubuta RAM nawa, faifan ajiya nawa, faɗin fuska nawa, sai su sa hannu. Ban taɓa ganin takardar da ta tambayi abin da ke cikin BIOS ba.

RAM dai da an ɗauke wuta ta manta komai. Faifai kuwa yana riƙewa, shi ya sa kowa ya san shi. Amma akwai ma'adana ta uku da ba ta mantuwa. In ka kwance bayan na'urar ka duba babban allon da masu gyara ke kira bod, za ka ga wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Abin da yake ɗauka bai taka kara ya karya ba, galibi megabait 16 ko 32. Irin ma'adanar nan ce da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba a shekarun 1980. A cikinsa manhajar tushe take, wato BIOS, ko UEFI a na'urorin yanzu. Ita ke fara farkawa idan ka danna maɓalli, ita ke duba kayan ciki, ita ke ba Windows izinin tashi. A nan ne kuma lambar na'urar take, da lasisin Windows tun daga Windows 8, da saitin da mai ita na farko ya yi.

Har yau a azuzuwanmu ana koya wa yara cewa BIOS na cikin ROM, ROM kuma ba a rubuta komai a kansa. Na sha yin musu da abokan aikina a kan wannan. Ranar 26 ga Afrilu, 1999, wata cutar kwamfuta mai suna CIH, da wani ɗalibi a Taiwan ya rubuta, ta tashi ta goge BIOS ɗin ɗimbin na'urori, suka ƙi ko da kunnuwa. Abin da ba a rubutu a kansa ai ba ya goguwa. Sama da shekara ashirin ke nan, mu kuma muna nan muna ba da maki a kan amsar da ta daina zama gaskiya.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku. Kamfanin da ya fara mallakar na'urar nan bai saye ta don ku ba. Ma'aikatansa sun shiga BIOS sun sa kalmar sirri ta mai kula, don kada wani ya canza saiti. Da suka sallame ta, wani lokaci suna cirewa, wani lokaci ba sa damuwa. Ku kuma kun karɓa, kun ga Windows ta tashi, kun biya. Sai ranar da faifai ya mutu, ko kuna son tada ta daga filas don sa sabuwar manhaja, ta tsaya ta ce a kawo kalmar sirri. Wa za ku tambaya? Ɗan kwangila bai sani ba, mai shago a Kano bai sani ba, wanda ya sani yana can wata ƙasa, watakila ma ya bar aikin. Kun sayi gida, makullin babban ɗaki na aljihun tsohon mai shi.

Wani zai ce a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, komai zai koma. A tsohuwar kwamfutar tebur, haka ne. A EliteBook ko Latitude ko ThinkPad, agogo kawai za ka ɓata. Kalmar tana ma'adanar da ba ta buƙatar batiri.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Da yawa daga cikin na'urorin kamfanoni na ɗauke da wata manhaja ta kamfanin Absolute, da aka fi sani da Computrace, a dashe cikin BIOS. An yi ta ne don bin sawun na'urar da aka sace. Idan mai ita na farko ya kunna ta bai kashe ba, ku yi fomat sau nawa kuke so, ku canza faifai ɗungurungum, da zarar ta hau intanet za ta sake dasa kanta ta nemi uban gidanta, shi kuma yana iya kulle ta ko ya goge ta daga inda yake. Wannan halastacciya ke nan. A watan Satumba na 2018 kamfanin tsaro na ESET ya bayyana LoJax, muguwar manhajar da aka ƙera bisa wannan dabara, aka same ta a kwamfutocin hukumomin gwamnati a yankin Balkan da tsakiya da gabashin Turai. Ita ma a ɗan abin nan mai ƙafa takwas take kwana, canjin faifai bai dame ta ba. Na san abin da za a ce: wa zai yi wa Getso leƙen asiri? Ba na jin akwai. Amma na'urar ba a Getso aka haife ta ba, kuma sunayen ɗalibai da lambobin NIN da albashin ma'aikata kuke zubawa a ciki.

Mu ma muna da tamu ɓarnar. An taɓa kawo mini na'urorin wata cibiya da aka ce a sabunta musu BIOS. Yaron da aka sa ya fara, aiki na tsaka aka ɗauke wuta, babu UPS, batiran kuma sun daɗe da mutuwa. Rabin tsohuwar manhaja ya tafi, sabuwar ba ta gama shiga ba. Fanka na juyawa, fuska baƙi ƙirin. Mai gyara zai iya tada irin wannan: ya maƙala wa ƙwayar nan mai ƙafa takwas ɗan matsi, ya jona ta da wata 'yar na'ura mai suna CH341A, ya zuba mata kwafin da ya samo a intanet. Tana tashi kuwa. Sai dai sau da yawa ta tashi da lambar wata na'urar, lasisinku ya tafi, kuma babu wanda zai rantse a kan abin da ke cikin kwafin. Ban ga laifin mai gyara ba, cetonku ya yi.

Kada kuma wannan ya sa ku ce to a daina sabuntawa. Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma ba ta yarda sai da TPM 2.0, wata ma'adanar makullai ce ita ma a kan bod. Takardun shaidar Secure Boot na 2011, da ke zaune a ma'adanar BIOS, wa'adinsu na ƙarewa daga watan Yunin 2026. Na'urar da BIOS ɗinta ke kulle, ko TPM ɗin ma ba za ku iya shiga ku kunna ba.

Masu cewa binciken BIOS kafin a biya zai ƙara tsada, minti biyar ne a kan kowace na'ura.

Abin da nake nema na daɗe ina faɗa. A ƙara layi uku a kowace takardar saye: BIOS a buɗe, Computrace a kashe, TPM 2.0 na aiki. Kada a biya ɗan kwangila sai an kunna kowace ɗaya a gabansa, an danna F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, an gani da ido. Wadda ta nemi kalmar sirri ta koma motar da ta kawo ta. Sannan ku sa taku kalmar, a rubuta a ajiye a ambulan wurin shugaban ma'aikata, ba a kan yaro ɗaya mai yi wa ƙasa hidima da zai tafi bayan shekara ba. Kada a taɓa BIOS sai a kan inbata ko sola mai cikakken caji. Ranar da za ku yi gwanjon tsofaffin na'urori kuma, a goge faifai da TPM daga cikin BIOS, a cire kalmar sirri, domin dokar kare bayanai ta 2023 a kanku take, ba a kan mai saye ba.

Shugaban taro, na zo da kwamfutoci biyu da sukuddireba. Duk mai son ganin ƙwayar nan ya same ni a baya bayan tambayoyi.