Likita Kafin Jirgi: Laccar da Aka Gabatar a Gaban Ƙungiyar Ɗalibai



Duk wanda ya taso daga Dogarawa ko Sabon Gari ya bi ta Kwangila zuwa Samaru, ya san Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Palladan, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Da yawa daga cikinmu na sha'awar shigarta. Sai dai galibi lissafin kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa kaɗai ake yi, a manta da likita, alhali kuwa shi ne mai iya rufe ƙofar cikin sa'a guda.

Ƙa'idojin wannan bincike sun samo asali daga hukumar ICAO, wadda yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta haifar. A Nijeriya hukumar NCAA ce ke zartar da su, kuma likitocin da ta amince da su kaɗai ke yin binciken. Takardar lafiya aji uku ce: na ɗaya ga matuƙin haya, na biyu ga ɗalibi da mai tuƙa jirgin kansa, na uku ga mai ba jirage umarni daga hasumiya. To, ga tarkon. Da takardar aji na biyu ɗalibi zai iya tashi shi kaɗai, amma ba zai ci abinci da sana'ar ba sai da ta aji na ɗaya. Saboda haka a ganina, kada uba ya sayar da gona sai ɗansa ya fara cin gwajin aji na ɗaya.

Bari mu fara da ido. Ana son kowane ido ya kai 6/9, idanu biyu tare kuma 6/6, kuma ba laifi idan da tabarau aka kai, muddin matuƙi zai riƙe na biyu a kusa. Wannan ya rushe zancen da ake yi a gari cewa mai tabarau ba ya tuƙa jirgi. Abin da tabarau ba ya gyarawa shi ne rashin rarrabe launi. Mutum na iya kai shekara 20 bai san yana rikita ja da kore ba, domin gado ne, yawanci ta wajen uwa, kuma maza ya fi kamawa. Likita zai buɗe masa littafin Ishihara, wanda wani likitan Japan ya fitar a 1917, mai lambobi ɓoye cikin ɗige-ɗige masu launi. Dalilin tsanantawar a fili yake. Fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama kore, da su ake gane inda wani jirgi ya dosa da dare. In rediyo ya mutu kuma, da fitila hasumiya ke magana: kore tsayayye, sauka, ja tsayayye, ci gaba da kewaye. Na ji wasu na haddace littafin. Ina amfanin haddar ranar da fitilar ta haska?

Kunne ma ana auna shi da na'ura, kuma ƙarar janareto da abin saurare da muke cusawa a kunne suna cinye ji a hankali, ba ya dawowa. Sannan a auna bugun zuciya da hawan jini, a duba fitsari saboda ciwon sukari. Farfaɗiya tana hana takarda. Amma ga albishir ga mutanenmu: mai jinin AS yawanci ana ba shi, mai sikila sosai, watau SS, shi ne ba ya samu.

Shirin kansa ba wuya. A yi barci sosai, a bar goro da kofi da taba a ranar, a guji ƙara kwana ɗaya kafin gwajin kunne, in akwai zazzaɓi a ɗaga ranar, a kuma tafi da tabarau da takardun asibiti na baya. Mai shan tiramadol ko kodin kuwa, shirinsa ba na kwana ɗaya ba ne.

Wuri mafi nauyi shi ne takardar da za ka cika da hannunka, inda ake tambayar ko ka taɓa suma, ko ciwon ƙwaƙwalwa, da magungunan da kake sha. Mu Hausawa mun saba da rufin asiri, kuma hali ne mai kyau a zaman tare, amma ba a nan ba. A ranar 24 ga Maris 2015 mataimakin matuƙin jirgin Germanwings, wanda ya ɓoye wa kamfaninsa cewa likita ya hana shi aiki, ya kifa jirgin a kan duwatsun Faransa, mutum 150 suka halaka. Ciwo da yawa in an bayyana shi ana iya sa ido a kansa, a ba da takarda bisa sharaɗi. Ƙarya kuwa in ta tonu, lasisin take tafiya da shi, kuma tana da damar tonuwa sau da yawa, tunda takardar aji na ɗaya wata 12 take yi, ta koma wata 6 bayan shekara 60, ko bayan 40 ga mai ɗaukar fasinja shi kaɗai.

Malam Shugaba, a nan zan dakata domin masu tambaya.