Makullin Sito: Jawabi Kan Izinin da Kwamfuta Ke Nema



An ba ni minti biyar, don haka abu ɗaya zan yi magana a kai: ɗan akwatin nan da ke fitowa a kwamfuta, allo ya dushe, a tambaye ka ko ka yarda wata manhaja ta yi canji a na'urarka. Yawancinmu mukan danna amincewa tun ba mu karanta ba.

Malamanmu sun san makullin siton makaranta ba a ba kowa. Haka kwamfuta take. Akwai asusun admin mai riƙe da makulli, akwai kuma asusu gama-gari, wanda zai yi rubutu ya shiga intanet, amma ba zai taɓa ginshiƙin na'urar ba. A zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, kusan kowa da makulli yake yawo, saboda haka duk ƙwayar cutar da ta shigo takan sami cikakken iko nan take. Wannan ya sa Microsoft ta kawo akwatin tambayar a Windows Vista, da ta shiga kasuwa a 2007. Tambayoyin suka yi yawa har jama'a suka gaji, sai aka sassauta a Windows 7 cikin 2009. Wasu har kashe shi suke yi, wai yana damunsu. Ganganci ne.

Idan akwatin ya fito, ka fara tambayar kanka: ni na taɓa wani abu yanzu? In ba kai ba ne, ka ƙi. Sannan ka duba sunan kamfanin da ya yi manhajar. In an ce ba a san shi ba, ka dakata, musamman manhajojin satar nan da ake zuba mana a filasha a kasuwa.

Masu ofis da masu 'ya'ya, da ku nake. Ku buɗe wa akawu da yara asusu gama-gari, kalmar sirrin admin ta tsaya a hannunku. Kai kanka gara ka riƙa aikin yau da kullum a gama-garin, domin a can danna amincewa bai isa ba, sai an rubuta kalmar sirri. In kuma na'ura ta dawo daga wurin mai gyara, a canja kalmar a ranar.

Mai son a nuna masa, na zo da kwamfutata, mu haɗu bayan sallar la'asar.