Hannuwan da ke bayan dokin Sarki

  

A wannan biki na cikar sarautarmu shekara 100, idon kowa yana kan doki da mahayinsa. Ina neman izini in kai ku bayan fada, cikin barga, wurin mutanen da maroƙi bai cika ambatonsu ba.

Tun zamanin kakanni, bargar sarki tana da tsari. Shamaki ne shugabanta: shi ke raba aiki, shi ke lissafin dawa da dusa da harawa, shi ake tambaya in doki ya rame. Sarkin Zagi da zagage su ke gaban doki ranar hawa, su buɗe hanya, su riƙe likkafa in Sarki zai sauka. Maƙeri na ƙera linzami, baduku na ɗinka ragama da kayan sirdi. Ƙarƙashinsu duka akwai yaron barga, mai yankan ciyawa, mai share turke, mai ɗebo ruwa, domin a bazara doki ɗaya kan sha lita 30 ko fiye a rana. Shi ke fara ganin doki ya ƙi cin abinci ko yana birgima saboda ciwon ciki. In ya yi shiru, maganin likita kan zo a makare.

Kiwon dokin sukuwa kuwa ya fi haka neman haƙuri. Goɗiya tana ɗaukar ciki kusan wata 11, kuma galibi cikin dare take haihuwa, don haka dole wani ya kwana kusa da ita. Dole ɗan ya miƙe ya sha dakashi cikin awowin farko, in ba haka ba cuta ta same shi ba kariya. Wajen wata 6 a yaye shi, sannan mai horo ya karɓi dukushi ya saba masa da ragama, da linzami, da sirdi, kafin a kai shi fili. Tseren minti kaɗan, aikin shekaru ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In muka duba gidajen kiwon dawakin tsere na ƙasashen waje, za mu tarar da waɗannan ayyuka duka: shugaban gida, mai kula da ingarmu, mai kula da goɗiyoyi, mai gadin dare, likitan dabbobi. Mutum ɗaya suka fi mu da shi, wato magatakarda. A Ingila, tun 1791 aka fara buga littafin asalin dawakin tsere, har aka san cewa ta wajen uba dukansu daga ingarmu 3 suka fito. Mu kuwa, asalin dokin Arewa ko na Manga yana cikin kan dattijo. Ranar da dattijon ya riga mu gidan gaskiya, ba mai iya cewa wace goɗiya ta haifi wane, sai a haɗa jini ɗaya ba da sani ba, iri ya lalace.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon abu 3. Na farko, a ba Shamaki magatakarda da rajista, a rubuta uwa da uba da ranar haihuwar kowane doki, da magungunan da aka yi masa. Na biyu, barga ta ƙulla zumunci da ma'aikatar kiwo, likita ya riƙa zuwa tun kafin ciwo. Ba mu manta da annobar mura ta 2019 ba, wadda ta kashe jakuna masu yawa a Nijar ta kuma taɓa dawaki. Na uku, a yanka wa yaran barga albashi sananne, a sayi harawa da kaka tun tana da araha. Yaron da ba a biya ba, zai bar turke ya koma kabu-kabu, ya tafi da abin da ya koya.

Attajiranmu masu son sukuwa, wannan kira har da ku.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.