Burodin Ot da Mai Cutar Siliyak

Idan likita ya tabbatar muku da cutar siliyak, to alkama da sha'ir sun fita daga abincinku har tsawon rai, domin sinadarin gulutin da ke cikinsu yana lalata fatar cikin ƙaramin hanji. Daga nan gudawa take biyowa, da ƙarancin jini, yaro kuma ya tsumbure.

To, ina matsayin burodin ot? Hatsin ot, wanda kuka sani a gwangwanin Quaker, a asalinsa ba shi da gulutin irin na alkama. Sai dai sau da yawa gona ɗaya, mota ɗaya, injin niƙa ɗaya suke bi da alkama, sai su gauraya. Garin ot kuma ba ya kumbura da kyau shi kaɗai, shi ya sa masu gidan burodi kan haɗa shi da fulawa. Saboda haka sunan kawai kada ya ruɗe ku. Ku karanta jikin leda: ƙa'idar duniya ita ce kada gulutin ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya. Wasu 'yan kaɗan ma ko tsantsar ot ba ya karɓar su.

Mu kam Allah Ya hutar da mu. Gero, dawa, masara, shinkafa da acca duk babu gulutin a cikinsu, daga Maradi har Kano kuwa su ne cimarmu. Abin lura shi ne injin unguwa: ku tambaya ko ana niƙa alkama a wurin.

Wanda kuwa zato kawai yake yi, kada ya daina cin alkama kafin gwajin jini, domin dainawar tana iya ɓoye cutar.