Kafin Ranar Jarrabawa: Yaran Anka, Gummi da Bukkuyum da Makarantun Gwamnati

 

An nemi in yi magana a kan ƙoƙarin ɗalibai a makarantun gwamnati na yammacin Zamfara. Da zarar an ambaci wannan batu, hankalin kowa yakan tafi ga sakamakon WAEC da NECO: nawa suka ci, nawa suka faɗi. Zan taɓo wannan. Sai dai hujjata a yau ita ce, sakamakon jarrabawa labarin yaran da suka kai ƙarshen hanya kawai yake bayarwa. A Anka da Gummi da Bukkuyum kuwa, mafi girman asararmu tana faruwa ne tun kafin a kai ƙofar ɗakin jarrabawa, kuma har yanzu ba mu ƙirga ta yadda ya kamata ba.

Mu fara da yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba Anka mutum kusan dubu 142, Gummi dubu 204, Bukkuyum dubu 211, wato fiye da rabin miliyan a ƙananan hukumomin uku. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya a Najeriya ba. A ƙasar da fiye da kashi 40 cikin ɗari na jama'arta ba su kai shekara 15 ba, wannan babban giɓi ne. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma yana rabon malamai da kujeru bisa kiyasi, alhali ƙauyuka da dama sun watse, garuruwa kuma sun cika da 'yan gudun hijira.

Alamomin da ake nuna mu da su a waje kun san su. A 2013, makin shiga kwalejojin haɗin kai na tarayya ga ɗan Zamfara 4 ne, ga 'ya mace 2, a lokacin da ake neman 139 daga ɗan Anambra. A 2018 an sanar cewa yara 28 kacal suka yi rajistar wannan jarrabawa daga jihar baki ɗaya, ga shi kuwa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ɗaya sunan Anka take ɗauke da shi. A 2022 hukumar WAEC ta bayyana cewa Zamfara ba ta gabatar da ɗaliban makarantun gwamnati ba, ga kuma bashin da ya sa aka riƙe sakamakon yara shekara da shekaru. A Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, aka shiga biyan bashin, aka saki sakamakon da aka riƙe. Wannan abin a yaba ne. Amma biyan kuɗin jarrabawa wanda ya kai aji shida na sakandare yake amfana. Bari in gabatar muku da yara iri uku da ba su cika kaiwa can ba.

Na farko, yaran gubar dalma. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Dareta da Abare da Sunke na Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru na Bukkuyum. Dutsen zinare ake kawowa gida, a daka a turmi ko a kai injin niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Aƙalla yara 400 suka rasu, aka yi wa dubbai magani, Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Magani yana rage dalma a jini, amma ba ya mayar da abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro. Waɗanda suka tsira yanzu sun kai shekarun kammala sakandare. Malaman firamare na waɗannan ƙauyuka sun san irin yaron da nake nufi: yana zaune a ƙarshen aji, an maimaita masa harafi sau uku, gobe ya dawo kamar bai taɓa gani ba. Malam ya ɗauka taurin kai ne, ya ɗaga bulala. Uba ya ce wannan ba shi da kan karatu, ya tura shi ramin haƙar zinare, inda cutar ta samo asali. Yaron nan mara lafiya ne da ke buƙatar malamin da aka horar da shi kan halinsa.

Na biyu, yaran da tsaro ya raba da aji. Bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da sace na Kaya ta Maradun a Satumban shekarar, an rufe makarantu a jihar. A Janairun 2022 aka kai hare-haren da suka hallaka mutane masu yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaron da ya gudo cikin gari yana aji huɗu, ba shi da takardar canjin makaranta, sunansa na nan a rajistar makarantar da ba kowa a cikinta. A takarda ɗalibi ne, a zahiri yana tallan ruwa a tasha. Wani lokaci ma ajin garin da zai shiga shi ne masaukin iyayensa, kamar yadda ake yi duk sanda hari ko ambaliya irin ta Gummi a Agustan 2024 ta kori mutane daga gidajensu.

Na uku, 'yan mata da yaran rugage da almajirai. Ku shiga aji ɗaya na firamare ku ƙirga 'yan mata, sannan ku shiga aji uku na ƙaramar sakandare ku sake ƙirgawa. Talla da aure da nisan hanya da tsoron iyaye sun kwashe su. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara kyauta ga kowane yaro, hukumar ilimin makiyaya kuma tun 1989 aka kafa ta. Duk yaron rugar da bai ga allo ba, jama'a gaba ɗaya ce za ta ɗauki nauyin jahilcinsa, kuma mun riga mun ga irin tsadarsa.

Kada wani ya ce mana ƙasarmu ba ta son ilimi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shafe shekaru yana karantarwa a ƙasar Zamfara. Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru don ilimi ya isa ga matan ƙauye. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, haifaffen Gummi, ya yi karatun allo, ya yi Midil ta Sakkwato da makarantar shari'a ta Kano, ya je Sudan, ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya kuma karɓi lambar Sarki Faisal a 1987. Karatun biyu ya haɗa, ɗaya bai hana ɗaya ba.

Shawarwarina huɗu ne, kuma babu wadda ta fi ƙarfinmu. Ɗaya, kowane mai unguwa da limami da shugaban makaranta su rubuta sunan duk yaro mai shekara 6 zuwa 15 a unguwarsu, har da baƙi 'yan hijira, a sabunta duk shekara. Biyu, a gwada kowane ɗan aji uku na firamare da gajeren labari na Hausa da lissafi mai sauƙi, a manna sakamakon kowace makaranta a ƙofar ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, iyaye su gani. Uku, a karɓi yaron da ya gudo a makaranta mafi kusa ba tare da neman takarda ba, malamin da makarantarsa ta rufe kuma ya bi ɗalibansa inda suka koma. Huɗu, a horar da malaman ƙauyukan da dalma ta shafa, tare da taimakon Kwalejin Ilimi ta Maru da ma'aikatan lafiya, a kuma hana niƙa dutse cikin gidaje har abada.

Iyayenmu sarakuna, aikin farko a hannunku yake, domin babu ofishin da ya san gida-gida kamar masu unguwanninku. Ina roƙon a fara rubuta sunayen nan kafin zangon karatu mai zuwa, mu dawo baɗi mu ji yaro nawa aka samu, nawa aka mayar aji.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya yi wa zuri'armu albarka.