Jawabi Kan Yadda Ake Tantance Irin Masara Mai Gina Jiki



Masara tana ƙosar da ciki, amma furotin ɗinta yana da ƙarancin sinadarai biyu, watau laisin da tiriftofan. Yaron da aka yaye da kokon masara zalla yana iya kamuwa da tamowa, alhali kuwa tumbinsa cike yake.

A shekarar 1964 masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka bayyana wata masara mai yalwar laisin. Sai dai ƙwayarta tana da taushi, ƙwari na cinye ta a rumbu. Domin gyara wannan, Evangelina Villegas da Surinder Vasal suka duƙufa a cibiyar CIMMYT ta ƙasar Meziko.

Ga yadda ake tantancewa. Da farko akan baza ƙwayoyi bisa gilashi mai fitila a ƙarƙashinsa, a ware masu tauri waɗanda haske ke ratsa wani sashensu. Sa'an nan a niƙa kaɗan, a cire mai, a narkar da furotin, a zuba ruwan magani. Ruwan yakan rikiɗe ya zama shunayya, kuma gwargwadon turuwar launin, gwargwadon yawan tiriftofan. Da yake sinadaran biyu tare suke hawa, awon ɗaya ya wadatar. Irin da ya ci jarrabawa kaɗai ake mayarwa gona.

Daga wannan aiki Ghana ta fitar da Obatanpa a 1992, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da sunan SAMMAZ 14.

Ido ba ya bambanta wannan masara da saura. Saboda haka manomi ya nemi irinsa ta hannun malamin gona.