Firgicin da ke zama a zuciya bayan masifa ta wuce

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare, tun shekarar 2019 mutanen Zamfara da Sakkwato suke tsallakowa yankin Gidan Runji don gudun ƴan bindiga, mu ma garuruwanmu na bakin iyaka ba su tsira ba. Mun ba su hatsi da tabarma, amma akwai raunin da ba mu duba ba. Za ka ga bawan Allah an fanso shi daga daji wata shida, har yau in ya ji ƙarar babur sai jikinsa ya ɗauki ɓari. In ya runtsa, abin ya dawo masa kamar yanzu ake yin sa. Ya bar gona, ya yawaita faɗa da iyali. Sai mu ce iskoki ne, ko mu ce imaninsa ya raunana.

Mu ji tsoron Allah da wannan magana. Wahashi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza ranar Uhudu, ya zo ya musulunta, Manzon Allah (SAW) ya karɓe shi, duk da haka ya nemi ya riƙa kawar masa da fuskarsa. Wa ya fi Annabi haƙuri? Ashe ciwon tunawa ba ya kore imani.

Ruƙiyya da addu'a muna yin su, ba za mu bari ba. Sai dai shari'a ta umurce mu da neman magani, kuma kowace sana'a da masu ita. Idan wannan hali ya wuce wata guda, a kai mutum CSI mafi kusa, su tura shi gaba. Babban asibitin Yamai yana da sashen masu wannan ciwo. Mafi yawan maganin zama ne da zance: masanin yakan zauna da shi mako-mako, ya koya masa lafar da numfashi, sannan ya bi labarin da shi kaɗan-kaɗan cikin sirri, har zuciya ta yarda cewa abin ya wuce. Farkon zaman da nauyi, kada a yanke. Wani a haɗa masa da ƙwaya, ita kuwa sai ta yi makonni kafin a ga aikinta. Mai azumi ya tambayi likita ko za a mayar masa da ita tsakanin buɗa-baki da sahur. In ba ta mayuwa, marar lafiya yana da rangwame. Taramol da ƙwayar barci ta ƴan tebur kuwa, ƙarin ciwo ne.

Mu kuma na gida, kada mu tilasta masa ba da labari a majalisa, balle matar da aka ci wa mutunci: ba ta da laifi, asirinta amana ne a wuyanmu. Wanda kuka ji yana ambaton kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya karɓi azuminmu. Gobe, in Allah Ya kai mu, za mu yi magana kan yaran da suka ga abin da idonsu.